Ranar Da Ya Ƙi Ba Baba Hannu

Kafin ku fara jifana a wurin sharhi, ku bari in zayyana muku yadda abin ya faru. Na san halinku. Wasunku tun ba su kai layi na uku ba sun riga sun yanke hukunci, kuma ko a hakan ba ku kai mutanen gidanmu sauri ba. Wanda ya ga dama ya zage ni bayan ya kai ƙarshe, na shirya masa.

Ga waɗanda yau suka fara bina: a shagon littattafai nake aiki, ni ce ke zama bayan kanta. Bara gara ta shigar mana ɗakin ajiya ta cinye ƙamus goma sha ɗaya, bangonsu kawai ta bar mana. Mai shago ya kira masu feshin maganin ƙwari. Mutumin da ya zo idanunsa kaɗai na gani: riga haɗe da wando, takunkumi, safar hannu har gwiwar hannu, ga tanki goye a baya. Ya sa muka kwashe kofuna da butar shayi, ya ce kada kowa ya shiga sai bayan awa huɗu, kuma bai tafi ba sai da ya ga na kulle ƙofar da hannuna. Washegari ya dawo duba aikinsa babu takunkumi, ya sayi biro ɗaya. Bayan kwana biyu ya sake sayen biro. Da ya kai na bakwai na ce, "Malam, makaranta za ka buɗe ne?" Ya sosa ƙeya ya ce shi ma ya rasa inda zai kai su. Tun daga ranar yake kirana Malama, ni kuma na daina ganin kowa sai shi.

A gida da Mama ta tambaye ni sana'arsa, na ce yana aiki da wani kamfani mai kula da gine-gine. Ban yi ƙarya ba, kwalliya dai na yi wa gaskiya. Goggo ce ta ƙarasa aikin. Goggo yayar Baba ce, gidanta yana bayan layinmu amma kujerarta tana falonmu. Ta ce, "Au, injiniya ke nan." Na yi shiru. Daga nan sunan ya bi shi, har a wayata haka na ajiye lambarsa.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, Goggo ta tasa Baba a gaba tun safe, wai mai niyyar gaskiya ba ya buƙatar sanarwar mako guda. Baba ya gaji ya ce, "To, ya zo yau ƙarfe biyar mu gan shi."

Na sa doguwar rigata ruwan zuma mai aikin zare a wuya, na yafa mayafi ruwan madara, na fesa turaren da nake tattali tun bara. Mama ta fito da kofunan gilashin da ba sa ganin rana sai an yi babban baƙo. Aka canza labule, aka share kafet sau biyu. Yayana da matarsa suka zo da 'yarsu mai wata tara, wadda ta fara rarrafe kuma ba ta san baƙo ba, kowa nata ne. Autarmu ta laɓe a lungu da littafinta kamar ba ta nan, alhali kunnenta ya fi na kowa tsawo.

Biyar ta yi. Biyar da rabi ta yi. Goggo tana duban agogon bango tana dubana. Shida saura kwata ya yi sallama, a ƙafa, da farar riga mai alamar ninki da baƙin wando. Idanunsa sun yi ja. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida Baba yadda ya kamata. Baba kuwa mutum ne mai miƙa wa kowa hannu, babba da yaro, sai ya miƙa masa. Shi kuma ya ɗora nasa a ƙirji, ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi min afuwa, daga wurin aiki nake." Hannun Baba ya ɗan jima a miƙe kafin ya mayar da shi kan gwiwarsa.

Aka nuna masa kujera, ya zauna a ƙasa kan tayil, ko kafet ɗin bai taka ba. Aka kawo lemo da soyayyar kaza, ya yi godiya bai taɓa ba. Har zuwa nan Mama ta ɗauka kunya ce, ita ta faɗa min daga baya. Sai 'yar Yaya ta hango shi. Ta nufo shi da rarrafe tana washe baki, ta miƙa hannu za ta kama ƙafar wandonsa. Ya zabura ya miƙe, ya ja da baya har ya bugi ƙofa. Yarinya ta kama iska, ta kife, ta tsala kuka.

Uwar ta ɗauke 'yarta ba ta ko dube shi ba. Bai ƙara minti goma ba ya yi sallama.

Ni na san dalili. Daga feshin wani sito ya taho, bututun tanki ya tsage, magani ya jiƙa masa hannu da ƙafar wando. Riga kawai ya samu ya canza. Wannan maganin ko babba ba ya wasa da shi, balle jaririyar da duk abin da ta kama sai ta kai baki. Za ku ce me ya hana shi buɗe baki ya yi bayani? Ku riƙe tambayarku, za mu zo wurin.

Ko kwanar layi bai sha ba aka buɗe kotu.

"Girman kai ne," in ji Yaya. "Baba ya miƙa maka hannu ka ƙi? Kai ɗan waye?"

"Ƙyama ce," matarsa ta ce tana jijjiga yarinya. "Kun ga tsallen da ya yi? Sai ka ce kunama ya gani. Mutumin da ba ya son yara me za a yi da shi?"

Goggo ta bari kowa ya gama, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ku duk yara ne. Ba ku ga idonsa ba? Ba ku ji wani wari-wari yana tashi daga jikinsa ba? Ni na san irinsu. Shaye-shaye yake yi."

"Haba Goggo," na ce.

"Haba me? Ina injiniyan da ke zuwa gidan surukai a ƙafa in ba wanda ya shanye motarsa ba?"

Baba ya tashi zai shiga ɗaki. Ya tsaya a bakin labule ya ce, "Kada ya sake tako min gida." Baba ba ya maimaita magana, kuma tun da nake ban taɓa jin ya janye ta ba.

Kwana takwas na yi ina huci. Ba na cin abinci da su, gaisuwa ma daga nesa nake jefa ta. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda komai ya koma shaida a kansa. Ya aiko da kwandon 'ya'yan itatuwa da takardar ban haƙuri, Goggo ta ce toshiyar baki ce. Ya yi kwana uku bai aiko da komai ba, ta ce, "Kun gani? Ko a jikinsa." Mama ta tuna ya taɓa aiko mata da man shafawa na ciwon gwiwa ta hannuna, Goggo ta ce ai masu irin halin nan sun fi kowa sanin hanyar kantin magani. Wanda ba ya sonka, ko cikin ruwa ka shiga sai ya ce ka tada ƙura.

Ranar Lahadi, kwana na takwas ke nan, Yaya ya yi alkawarin kai Mama dubiyar ƙawarta ƙarfe goma. Bai zo ba sai sha biyu da rabi. Ya shigo yana kaɗa makullin mota ya ce, "Cunkoso ne, Mama, hanya ta tsaya cak." Kowa ya yi masa sannu, har ruwan sanyi aka kawo masa.

Auta ta ɗago daga littafinta. Tana shekara ta biyu a jami'a, ilimin halayyar ɗan Adam take karantawa, kuma tun da ta fara ba mu huta ba.

"Yaya, kai ka makara awa biyu da rabi, hanya ce. Shi ya makara minti arba'in da biyar, raini ne. Hanyar nan kai kaɗai take tarewa?"

"Ke, ki kiyaye ni."

"Tambaya na yi. An koya mana haka kan ɗan Adam yake. In wani ya yi kuskure mu ce halinsa ne, in mu muka yi mu ce abin da ya same mu ne. Kai ka ga motocin da ke gabanka. Shi kuwa ba mu ga abin da ya baro ba, shi kaɗai muka gani. Kuma da zarar an liƙa wa mutum suna, ido ba ya sake ɗaukar komai sai abin da ya dace da sunan."

"Wannan har sai an je jami'a?" in ji Mama tana neman takalminta. "Ai laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Tun kafin a haifi malaminku ake faɗa."

Na ji daɗi har cikin ɓargo. Da muka shiga ɗakinmu na rungume Auta na ce ita kaɗai ce mai hankali a gidan nan. Na zauna ina ninke kayan wanki ina zuba: Goggo muguwa ce tun asali, Yaya ɗan amshin shata ne, matarsa dama ba ta taɓa ƙaunata ba. Auta tana kwance tana jina tana wasa da wayata, don ba na ɓoye mata lambar buɗewa. Can na ga ta daina wasan, ta ƙura wa wayar ido.

"Anti, feshin me?"

Ta juyo min da fuskar wayar. Saƙonninmu ne na ranar Asabar, ni da shi. Ga su nan, ban cire ko ɗigo ba, tunda na ce gaskiya zan faɗa muku.

Ni: Baba ya ce yau ƙarfe biyar.

Shi: Yau? Ina tsakiyar aiki. Bututu ya tsage, magani ya zubo min. Sai na je gida na yi wanka na canza komai. Ki roƙa min zuwa gobe.

Ni: Ba zan iya ba, Goggo tana nan. Ka canza riga a mota ka taho.

Shi: Malama, ba a wasa da abin nan. Ba zan iya taɓa kowa ba, ba zan ci komai ba.

Ni: In kana sona ka zo. Ka ajiye motar nesa da layinmu. Kuma don Allah kada ka ambaci feshi.

Shi: To.

Ga amsar tambayarku. Ba yadda na iya, na faɗa wa Auta sana'arsa. Ta tashi zaune.

"Wato mutumin nan ya tsaya ana ce masa mashayi kwana takwas don ya rufa miki asiri?"

"Ba za ki gane ba. Kin san bakin Goggo. Da na ce mai kashe kyankyaso ne, ko ƙofa ba za a buɗe masa ba. Dole ce ta sa ni."

"Dole ce ta sa ki," ta maimaita a hankali. "Goggo muguwa, Yaya ɗan amshin shata, matarsa maƙiyiya, ke kuwa dole ce ta sa ki. Anti, cunkoson hanyarki ya fi na Yaya tsawo."

Na jefe ta da matashi, amma maganar ta riga ta shiga. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Kwana takwas ina raba wa kowa mugun hali, ni na riƙe wa kaina uzuri. A kwanakin nan na tura masa ƙorafin Goggo ya fi sau talatin, ko sau ɗaya ban tambaye shi yadda shi ya ji ba.

Na karɓi wayata na rubuta masa, "Me ya sa ba ka ce min ni na jawo ba?"

Sai bayan minti ashirin ya amsa. "Na ɗauka za ki gane da kanki. Zagin Goggo bai dame ni ba, ba ta san ni ba. Abin da ya dame ni tafiyar da na yi a ƙafa daga inda na ɓoye motata. Da ita nake ciyar da mahaifiyata da ƙannena uku. Ban taɓa ɓoye ta don kowa ba sai ranar."

Na karanta sau huɗu. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, na jiƙa rigar da na gama ninkewa. Da na gama na wanke fuska na sa kwalli, don ba zan fita gaban Goggo da kumburarren ido ba.

Da la'asar kowa yana falo. Baba yana kan kujerarsa da rediyo a cinya, Mama ta dawo tana tsintar shinkafa a tire, Goggo tana ba matar Yaya labarin wata 'yar maƙwabta da ta ƙi jin magana. Na san da wa take. Na durƙusa a tsakiyar kafet.

"Baba, ina da magana. Mutumin nan ba injiniya ba ne, mai feshin maganin ƙwari ne. Gara, kyankyaso, kuɗin cizo, ɓera, su ne aikinsa. Ranar da ya zo akwai magani a hannunsa da wandonsa. Shi ya sa bai ba ka hannu ba, shi ya sa ya guje wa yarinya. Ya roƙe ni a ɗaga zuwa washegari na ƙi, kuma ni na hana shi faɗa."

Matar Yaya ta ƙanƙame 'yarta, ta kama ɗan hannunta tana dubawa. "Hannun nan kullum yana bakinta," ta ce, muryarta can ƙasa.

Goggo kuwa ko gezau. "Ai na faɗa. Ban ce akwai wari ba? Ni tun da na ɗora ido a kansa na san akwai abin da ake ɓoyewa."

"Goggo, shaye-shaye kika ce."

"Duk ɗaya ne. Mai kashe kyankyaso a zuri'armu? Ga ƙarya kuma, ya zo mana da sunan injiniya."

"Ke kika raɗa masa sunan, ni na yi shiru, shi bai taɓa faɗa ba. In maƙaryaci ake nema, ga ni nan. Da ya ƙi ba da hannu kin ce mutumin banza ne. Yanzu kin ji don ya kare mu ne, kin ce ya fi muni. Ki faɗa min abu ɗaya da zai yi ki ce ya kyauta. In babu, to ba shi kike dubawa ba, maganarki ta farko kike gadi."

Mama ta ajiye tire. "Ke, da yayar ubanki kike magana."

Na ce na sani, a yi min afuwa, amma ban janye ba.

Baba ya kashe rediyo. Goggo ta buɗe baki, ya ce mata, "Yaya, bari in yi tawa." Ya ajiye rediyon gefe ya ci gaba.

"Shi na fahimce shi. Ya gwammace in tsane shi da ya cuce ni, ko ya kunyata ki. Na yanke hukunci a kan abin da ban sani ba, wannan laifina ne, na janye maganata." Ya dube ni. "Ke ce ban fahimta ba. Kin ji kunyar abin da mutum yake ci da shi tun bai zama naki ba. Ki ce masa ƙofata a buɗe take. Amma in ya ƙi zuwa, kada ki ce halinsa ne."

Da ma dukana ya yi da ya fi min sauƙi. Na shiga ɗaki, na goge sunan da na ajiye lambarsa da shi na rubuta Mai Feshi, sannan na tura masa, "Na faɗa musu komai. Baba ya ce ka zo."

Alamar ya karanta ta fito. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa. Auta tana leƙe ta kafaɗata, ban ma kore ta ba.

"Na gode. Zan zo Asabar ƙarfe biyar, na yi wanka. Amma da motata zan zo, in ajiye ta a ƙofar gidanku. In ban same ki a waje kina jirana ba, ba zan kashe inji ba, wucewa zan yi. Ba fushi nake ba. So nake in sani kawai."

Ban faɗa muku kamannin motar ba. Rawaya ce shar, irin wadda ake hangowa daga ƙarshen titi. A gefenta an zana kyankyaso mai girman ɗan akuya, ya yi rigingine ƙafafu sama, ga ɓera yana gudu a bayansa, ga lambar waya da jan fenti. Layinmu kuwa ba a yin atishawa a ɓoye. Mai ɗinkin da ke kallon ƙofarmu kekensa a waje yake, mai kanti yana da benci cike da 'yan hira, matan gidan sama kuma tagarsu ba ta rufuwa.

Goggo ta samu labari, ban san ta bakin wa ba. Ta tare ni a kicin ranar Juma'a ta ce, "In kika fita kika tsaya wa motar nan a idon jama'a, kin gama zubar mana da mutunci. Kada ki sake kirana Goggo."

Na ce, "To, Goggo."

Asabar, biyar saura kwata, na sa jar rigata mai faɗin hannu, wadda Mama ke cewa ta cika ɗaukar ido. Don haka ma na zaɓe ta, kada wani ya ce bai gan ni ba. Na buɗe ƙofar gida na fita na tsaya. Mai ɗinki ya tsayar da kekensa. Hirar benci ta mutu. Labulen falonmu ya motsa, na san Goggo ce.

Biyar ta yi, babu mota. Biyar da minti goma. Na duba waya, babu saƙo. Biyar da minti ashirin rana tana dukan gefen fuskata, sai na ji wata murya a cikin kaina, kuma wallahi tawa ce ba ta Goggo ba: ya fasa, ramuwa yake yi, dama haka maza suke, so yake ya tsayar da ke a titi a yi miki dariya. Har na ɗauko wayar zan rubuta masa abin da ba zai manta ba. Na tsaya ina kallon yatsana. Ban san abin da ya tare shi ba. Ban ga hanyar da ke gabansa ba. Na mayar da wayar cikin jaka na ja zif.

Biyar da rabi Goggo ta yaye labule ta leƙo ta taga, da ƙarfi yadda har 'yan benci za su ji.

"Ke, shigo ki rufa wa kanki asiri. Na faɗa miki ba zai zo ba."

Ban juya ba. Na ce, "Goggo, a miƙo min kujera."

Na ji ƙarar ƙofa a bayana, na ɗauka Auta ce. Baba ne ya fito, kuma kujera biyu ya ɗauko.